Tayoyin Muhannad

A sanyin shekarar 2013 ne, wanda har ƙanƙara ta sauka a gefen Alƙahira, kayan Muhannad suka iso unguwarmu, Ard al-Liwa. Shi kuwa wata biyar ke nan da binne shi a Suwidin. Uwarsa, maƙwabciyata Hajja Hawwa, mutuniyar Sudan ce. Ko hoton kabarin ba ta gani ba, don idonta ya daɗe da tafiya.

Abokinsa Ya'ƙub ne ya sako kayan a kwantenar wani ɗan kasuwa: jakar tufafi ɗaya, da tayoyi huɗu a jikin ƙarafansu. Wai can kowa na da tayoyin sanyi a ajiye, sai ƙanƙara ta fara a ɗaura. An sayar da motar, su aka mance a ɗakin ƙasa.

Tufafin ba su dame ta ba, ta ce warin kwantena suke. Tayoyin ne ta sa aka jera mata a bakin gado. In na shiga gaishe ta sai in iske tana bin ƙananan tsagogin robar da farce, har tsakuwar ƙasar can take cirowa tana tarawa a kwalbar turare. Abu ɗaya ta roƙi babban ɗanta Hussain: ya ɗaura su a motarsa, ya kai ta bakin Nilu, ta hau abin da ya ɗauki Muhannad.

To, Hussain ya kai wa mai facin unguwa, wanda ake ce wa Usta. Usta ya ɗaga ɗaya ya kara a ƙafar motar, ya yi tsaki. Ƙarfen Muhannad huda biyar, motar Hussain noti huɗu. Hussain ya ce a cire robar kawai a sa a nasa ƙarfen. Usta ya nuna masa rubutun gefe: wannan lamba sha shida, nasa sha uku.

"Ma'alish, yi haƙuri ya Sudani, rigar raƙumi za ka sa wa akuya? Akwai masu huda sabon rami, amma ba ni ba. Uwarka fa za ka ɗauka."

Kwana uku yana ce mata gobe. Ran Juma'a ya kwashe tayoyin ya ɓoye a ƙarƙashin bene, ya wanke nasa tsofaffin, ya ce khalas, shi ke nan, an ɗaura. Ni na riƙo hannunta muka sauko, iska na yanka fuska.

A bakin mota sai ta saki hannuna ta durƙusa. Ta shafa tayar gaba, sumul kamar tafin hannu. Ta daɗe a haka. Hussain ya juya mana baya yana goge gilashin da ba datti.

"Hussaini," ta ce, "ba su shiga ba ko?"

"Ba su shiga ba, Inna."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce dama yaron bai taɓa zama daidai a wuri ɗaya da su ba. Sannan ta ce a ɗauko mata guda.

Ya mirgino ta ya sa a kujerar baya, ta zauna a gefenta, ta ɗora hannu a kai. Wuri bai ishe ni ba, sai na koma gaba. Da muka kai kogin, ba ta yarda ta sauka ba.