Fuskar Ɗan Fari

A unguwar New Bell ba a barin gawa ta kwana. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Lauya Aisha Humaira ta san wannan sarai, don a unguwar aka yanke mata cibiya. Amma ranar da mahaifinta Alƙali Abdurrahim ya rasu, sai ta dubi ma'aikatan asibiti ido cikin ido ta ce su kai shi ɗakin ajiye gawa.

Kada a yi saurin zaginta, tana da dalili. Mahaifinta ya yi shekara kusan talatin yana yanke shari'a, daga wannan gari a cilla shi wancan, bai taɓa karɓar ko ƙwan kaza daga hannun mai ƙara ba. Da rikici ya fara tashi a ƙasa aka kawo masa wasu samari da aka kwaso a kan titi, ya duba bai ga laifinsu ba, ya sallame su. Na sama ba su ji daɗi ba. Ba su kore shi ba, abin da suka yi ya fi kora ciwo: suka ba shi ofis mai teburi da fanka, suka daina aiko masa da shari'a. Kullum sai ya sa kwat ya tafi, ya zauna ya karanta jarida tun daga kanun labarai har tallan magani, ya dawo. A gida jar rigarsa ta alƙalanci na rataye cikin leda, Humaira kan gan shi yana kakkaɓe mata ƙurar da babu.

A al'adar kotu kuwa, idan alƙali ya mutu ana kai akwatinsa zauren shari'a, a shimfiɗa rigarsa a kai, alƙalai da lauyoyi su jeru cikin rigunansu, shugaban kotu ya tashi ya faɗi alherinsa a gaban jama'a. Wannan Humaira ke so. Tana so waɗanda suka zaunar da shi su miƙe tsaye saboda shi, ko da sau ɗaya ne.

Baffanta Jibirilla, ƙanen mamacin, mai sayar da yadi a kasuwar Marché Congo, ya iso asibitin a bayan babur, likkafani a hammata cikin leda saboda ruwan sama. Shekarar da masu zanga-zanga ke rufe gari ce, daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa ba mota, sai hayaƙin taya a mararraba. Sai da ya ratsa shingen samari uku kafin ya iso, ga shi jiƙe sharkaf.

"Ina Yaya? An fara haƙa, liman na jira."

"Baffa, sai Alhamis. Kotu za ta yi masa bankwana."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai ji Hausar ba. "Kotu? Humaira, mutum ne fa ya mutu, ba ƙara aka shigar ba da za a ɗage."

"Haƙƙinsa ne, Baffa. C'est son droit."

"Haƙƙinsa ƙasa ne. To Inna fa? Me zan je in ce mata?"

"Kwana biyu ne kacal. Ni zan yi mata bayani."

Da a ce Jibirilla mai faɗa ne da abin ya zo da sauƙi, don Humaira ta iya faɗa, sana'arta ce. Amma mutum ne mai sanyi, wanda duk rayuwarsa yake ganin Yayansa da 'yar Yayansa sun san abin da shi bai sani ba. Ya gyara likkafanin a hammata, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya juya.

Innar da yake nufi ita ce mahaifiyarsu, wadda duk unguwa ke kira Tsohuwa. Ta haura tamanin, idanunta sun mutu shekaru da dama. Abdurrahim ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana jariri kakarsa ce ke ɗaukarsa a gaban mutane, yana yaro idan ya faɗi wata ce ke rarrashinsa, ranar da aka naɗa shi alƙali aka yi ta guɗa a tsakar gida ita tana ɗaki tana tsince shinkafa kamar ba ɗanta ba. Idan dole ta ambace shi sai ta ce "wancan".

Makanta ce ta buɗe mata ƙofa. Tun da idonta ya tafi, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce ya matso ta taɓa ta ji ko wane ne, alhali kowa ya san da murya take gane mutane tun suna soro. Kowace Juma'a bayan masallaci alƙali zai shigo, ya cire hula, ya durƙusa a gaban gadonta. Ta ɗora tafukanta a fuskarsa, ta bi goshi, ta bi girar nan mai kauri, ta sauko kunci, ta daɗe.

"Wane ne wannan mai ƙaton goshi?"

"Ni ne, Inna."

"Ashe wancan ne. Ka rame. Ba sa ba ka abinci a gidan Nasaran?"

Babu wanda ya taɓa ce mata ai kin gane shi tun da ya yi sallama. Mutanen gidan sun san bashin shekara sittin take ramawa, suka kawar da kai suka bar ta.

Da yammacin ranar Humaira ta shigo gidan. Tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofa an naɗe su, mazan da suka taru sun watse, don ba a zaman makoki mamaci na bisa ƙasa. Matan tsakar gida suka amsa sallamarta a taƙaice. Ta shiga ɗakin Tsohuwa ta durƙusa, ta yi bayani dalla-dalla yadda take yi wa alƙalai, ta faɗi zaluncin da aka yi masa, ta faɗi abin da za a yi ranar Alhamis. Tsohuwa na jan carbi har ta gama.

"Mai baƙar riga," in ji ta, don haka take tsokanar jikarta tun da ta zama lauya, "ni ban san kotu ba. Abu ɗaya nake so. Kafin a rufe shi a kawo mini in taɓa."

"Za a kawo, Kaka. Na yi miki alkawari."

"A ina yake yanzu?"

"Yana asibiti, a wuri mai kyau."

"An ce wurin akwai sanyi. Shi kuwa ba ya son sanyi, tun yana ƙarami da an yi ruwa sai tari."

Wannan ne karo na farko da Humaira ta ji kakarta ta faɗi wani abu game da yarintar mahaifinta.

Alhamis ta zo, ba a yi ba. An ƙona tayoyi a hanyar da ta nufi kotu, shugaban kotu ya aiko cewa ba zai tara manyan mutane a irin wannan rana ba, a bari sai mako mai zuwa. A nan ne ya kamata Humaira ta haƙura, ita ma daga baya ta sha faɗa wa kanta haka. Amma ta riga ta sha kunya a unguwa, ta ga idan ta janye yanzu ta sha ta a banza. Ma'aikacin ɗakin gawa ya ce mata wuta na yawan ɗaukewa, idan za a daɗe sai an yi wa mamacin allurar formol don kada ya canza. Ta tambaye shi ko akwai wata illa, ya ce babu, kowa ma haka yake yi. Ta ce a yi.

A gida Tsohuwa ta daina cin abinci, sai kunu cokali biyu idan an matsa mata. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce, "An kawo shi?" Da Juma'a ta zo aka sauko daga masallaci, ta gyara zama a bakin gado ta goge tafukanta a zani, sannan ta tuna, ta koma ta kwanta. Hapsatu matar Jibirilla ce ta gaya wa Humaira wannan, ba don ta ɓata mata rai ba, don dai ta sani. Humaira ta ce saura kaɗan.

Aka yi bikin bankwanar ranar Laraba ta mako na biyu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. An shimfiɗa jar rigar a kan akwati, ta yi kyau ƙwarai. Sai dai kujerun zauren rabi babu kowa, wasu sun ji tsoron hanya, wasu sun ji tsoron a gan su a wurin. Shugaban kotu bai zo ba, mataimakinsa ya aiko. Mutumin ya karanta ranar haihuwa, makarantun da mamacin ya yi, garuruwan da ya zauna, ya ce ma'aikaci ne mai biyayya da natsuwa. Bai ambaci samarin da aka sallama ba, bai ambaci ofis mai fanka ba. Aka miƙe tsaye na ɗan lokaci, aka zauna, aka bi layi ana miƙa wa Humaira hannu ana yi mata ta'aziyya da Faransanci, ana cewa "Mes condoléances, Maître", kowa na leƙen taga ya ga ko ruwa ya tsagaita. Humaira na tsaye cikin baƙar rigarta tana jiran wani abu ya sauka a ƙirjinta, babu abin da ya sauka. Wani magatakarda ya naɗe jar rigar ya miƙa mata a leda.

Mutanen New Bell ba su yi fushi har su ƙi zuwa ba. Da motar da ta ɗauko gawar ta tsaya a bakin lungu, maza suka fito cikin taɓo suka ɗauke shi daga akwatin, suka shigar da shi ɗakin soro. Jibirilla da liman suka yi masa wanka. Sun daɗe a ciki fiye da yadda aka saba. Da Jibirilla ya fito idanunsa sun yi ja, ya ja Humaira gefe.

"Kada a kawo Inna."

"Na yi mata alkawari, Baffa."

"Na sani. Amma jikin ya sandare, ko hannunsa da ƙyar muka gyara. A ce mata lokaci ya ƙure."

Ba su ankara ba sai ga Tsohuwa a bakin ƙofa, Hapsatu na riƙe da ita. Ta ji tsayuwar mota, ta ji ƙamshin turare, ba wanda zai iya tsare ta. Aka ba ta hanya, aka zaunar da ita a kan tabarma daidai kansa, liman ya yaye likkafanin daga fuska. Ta goge tafukanta a zani kamar kullum, ta miƙa.

Hannun ya sauka a goshi ya tsaya. Humaira na kallon yatsun nan suna neman abin da suka sani. Suka bi gira, suka sauko kunci, suka danna kaɗan, kuncin bai motsa ba, ya yi tauri kamar itace. Suka koma goshi suka sake farawa, a hankali, kamar mai neman allura a tabarma.

"Wane ne wannan?" in ji Tsohuwa.

A wannan karon ba tsokana ba ce. Jibirilla ya juya ya fuskanci bango.

"Jibirilla, ku duba da kyau. Ko an musanya muku a can?"

"Shi ne, Inna."

Hannun Tsohuwa na nan a kan fuskar. Sai ta sunkuya har bakinta ya kusa kunnensa, ta ce, "Abdurrahim." Ta jira. Ta sake cewa, "Abdurrahim, ni ce." Matan da ke bakin ƙofa suka fashe da kuka, don tsofaffin cikinsu ma ba su taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Liman ya ce a yi haƙuri, rana na tafiya. Aka rufe fuskar, maza suka ɗauki makara suka fita.

Humaira ta raka kakarta ɗaki. Ta durƙusa a gaban gado, inda mahaifinta ke durƙusawa, ledar jar rigar na hannunta har yanzu, ta rasa inda za ta ajiye. Ita da ke iya tsayawa awa guda tana magana a gaban alƙalai, sai ga shi kalma biyu sun gagare ta.

"Kaka, ki yafe mini."

"Sun miƙe masa tsayen?"

"Sun miƙe."

"To madalla." Tsohuwa ta miƙo hannu. "Matso nan."

Humaira ta matsa. Tafukan nan suka sauka a fuskarta, har yanzu da sauran sanyin gawar a jikinsu. Suka bi goshi, suka bi gira mai kauri, suka sauko kunci inda hawaye ya jiƙa, suka koma goshi suka zauna.

"Ke kika kwaso goshin," in ji Tsohuwa a hankali. "Tsaya, kada ki motsa. Bari hannuna ya manta da waccan fuskar mai tauri."

Humaira ta tsaya ba ta motsa ba. A waje ana ta shimfiɗa tabarmi, ta ji an fara shigowa gaisuwa.