A Bari Ya Gaji Tukuna

…kuma wai kada in nuna a fuska. Ni? Da wannan fuskar tawa da ko gishiri ya zarce a miya sai ta sanar da maƙwabta? To, na ji. Na zauna. An ba ni benci, an tara min jakunkuna, an ɗora min kwalin kek a cinya, an ce kada ya karkace. Aikin tsohuwa a wajen wasan yara ke nan — gadin kaya.

Ƙara kuwa kamar ana rushe gari. Kowane lilo da kiɗansa, ba mai sauraron wani. Ga manya can da gemunsu, an ɗaure su a kujera, an ɗaga su sama ana wujijjiga su, suna ihu suna dariya. Da a kan titi wani ya yi musu haka, da sai gaban alƙali.

Ga shi can. Jikana. Maigidan nawa da bai taɓa ba ni cefane ba. Yau ya cika shekara biyar, an kifa masa hular takarda mai tsini, robar tana cin haɓarsa, ko a jikinsa. Yana cikin wani ɗan jirgin ƙasa da ba ya zuwa ko'ina, ya zagaya ya dawo, ya zagaya ya dawo. Uwarsa tana bakin shinge, waya a sama, tana ɗaga masa hannu kamar mai tare mota. Shi kuwa duk zagayowar da zai yi, bencin nan yake nema da ido. Ina ɗaga masa nawa hannun. Me zan yi? In kau da kai?

Jakar kayansa tana cikin but ɗin motar ubansa. Bai sani ba.

Shirin ke nan. 'Yata ce ta tsara, mijinta ya amince, ni na yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin to. A kawo shi nan ya yi tsalle, ya yi gudu, ya sha zaƙi, ya gaji tiɓis. Da an shiga mota barci zai kwashe shi. A sauke ni a ƙofar gida a hankali, kada a buga murfi. Su kama hanya. Ya farka a can garinsu, a ɗakin da suka yi masa sabon fenti. Ba kuka, ba birgima, ba riƙe zani. Wai ta karanta cewa doguwar sallama ta fi yi wa yaro ciwo. Ta karanta… Ni aji nawa na yi da zan yi musu da abin da aka buga a takarda?

Ranar da ta kawo min shi ko zama bai iya ba. Nannaɗe a tawul, kai kamar ƙwallon mangwaron da aka tsotse. Karatu bai ƙare ba, aiki ya samu, aikin kuma na kwana, mijin yana wani gari daban. Mama, 'yan watanni ne kawai. 'Yan watanni! A kan yatsana haƙoransa suka tsiro. A bayana ya yi ƙyanda. Takunsa na farko daga bakin gado zuwa buhun gawayi — ya rungume buhun, ya juyo baƙi ƙirin yana washe baki…

Ban ce ba ɗanta ba ne. Ɗanta ne. Ita ta yi naƙuda, ina wajen, saura kaɗan ta karya min yatsu. Yanzu sun haɗu a gida ɗaya ita da mijin, an samo masa makaranta, har kayan an ɗinka. Gwiwata kuma ta daina bin yaro mai gudu, wannan ba sai likita ya gaya min ba. Ba tafiyar ce ke ci na ba. A'a. Yadda za a ɗauke shi ne, kamar kayan sata.

Wani ƙaton zomo yana wucewa, kai kamar tukunyar biki, yara suna jan wutsiyarsa. Mutum ne a ciki, ga silifas ɗinsa nan yana leƙowa. Ɗan wani ne shi ma. Cikin wannan ranar. Allah Ya ba shi abin da ya fita nema.

Da safe na haɗa jakar, yana bayi yana ɓarnar ruwan wanka. Wanduna, riguna, takalmin da ya matse shi amma ya ƙi rabuwa da shi, kofinsa mai tsagaggen baki. Sai ga shi ya leƙo, kumfa a kunne — Kaka, wa zai yi tafiya? Na ce wanki za a kai. Da furfurata. Ko ƙifta ido ban yi ba. Ashe na iya.

Abin da bai shiga jaka ba shi ne gwiwar hannuna. Ba ya barci sai ya kama fatar nan mai tamoji yana murzawa, yana ja, kamar mai duba yadi a kasuwa. Na gaya wa uwar. Ta yi dariya, ta duba tata gwiwar, sumul, ta sha mai. Ba abin kamawa. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

Suna kira. Lokacin kek ya yi. Tashi, tsohuwa… a hankali… kwalin, kwalin!

Tebur a ƙarƙashin lema. Uban yana fama da ashana, iska tana kashe kyandir, yana kunnawa tana kashewa. Injiniya guda, kyandir biyar sun gagare shi. Yaran mutane sun taru, ba wanda ya gayyace su, haka yara suke, hancinsu ya fi na ƙuda. Ana wata waƙa da ban san kanta ba, ina tafi inda ake tafi. Ya cika kumatu ya hura, rabi iska rabi yawu. An yi shewa.

'Yata ta ɗauki wuƙa. Ta yanka na farko, ta miƙa masa, ta durƙusa, ta buɗe baki — a ba Mami, a ba Mami. Ya dube ta, ya ce Anti tsaya tukuna. Anti. Har yau Anti yake ce mata, duk gyaran da na yi. Ya zagayo teburin da faranti a hannu biyu, ya zo gabana. Wai kada in ci, ina da ciwon suga, in lasa kawai.

Na lasa. Ita kuma tana durƙushe, bakinta ya rufe a hankali, ta shiga gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Wannan yarinyar… Ni na haife ta. Tana ƙarama in an hana ta abu ba ta kuka, sai ta kama gyaran riga. Wa zan tausaya wa a nan? Duka biyun nawa ne. Na ture shi, na ce tafi ka ba uwarka, mijin banza, kowa ya san kai marowaci ne. Ya tafi yana dariya. An ɗauki hoto. A hoton ba abin da zai fito sai farin ciki.

Yanzu kuma sabon umarni, a kunne aka raɗa min. Mama, don Allah ki ɗan bar bencin nan, ki koma inda ba zai gan ki ba, ya saba da mu ko na awa ɗaya. To. Na kwashi jakunkuna. Ga ni a bayan rumfar mai askirim, tsakanin kwandon shara da injin da ke huci. Ɓuya nake yi wa jikana. Da girmana. Da marigayi mijina yana nan da ya ce, ke kuma wace sabuwar sana'a ce wannan?

Injin yana dukan bayana da zafi. Ba daɗi, amma ƙugu yana so. Gobe war haka… shara ba za ta yi yawa ba. Ba mai zubar min da madara, ba mai sa cokali a cikin takalmi. Zan dafa kaɗan. Yaya ma ake dafa kaɗan? Na manta ma'aunin mutum ɗaya.

Wace ce waccan ke gudu? 'Yata. Takalmi ɗaya a hannu. Ita kaɗai.

Mama, yana wajenki? — Wajena? Ba ke kika ce in ɓuya ba? — Wai ta saki hannunsa ne kawai don ta karɓi balan-balan, ta juyo babu shi, ta ɗauka wajena ya gudo. Uban ya tafi matso da mota. Innalillahi…

Ƙafa, ki tashi. Yau ba ranar ciwonki ba ce. Ta yi dama, na yi hagu. Jar riga, hular takarda — kowane yaro a nan jar riga ce da shi, kowane kai da hula mai tsini. Wannan? A'a. Wancan? Mace ce. Akwai tafki a can baya mai ƙananan jiragen ruwa… kada ki tuna ruwa. Ƙofar fita a buɗe take, mutane suna ta tuɗaɗa, wa zai tambayi mai ɗauke da yaro ko nasa ne? Ina kiran sunansa, kiɗa yana haɗiye muryata. Jakunkuna ma na yar da su, ban san a ina ba. Ya Allah, ƙarya ɗaya na yi masa, ɗaya tak, kada Ka kama ni da ita yau…

Can! Wajen bencin. Bencin da na bari.

Ta riga ni isa. Tana durƙushe a gabansa, tana jan hannunsa, tana rungumarsa, shi kuwa ya ƙame kamar turken awaki. Ƙafafu a haɗe, hannuwa a manne da cinya, hular ta zamo kan kunne. Wandon ya jiƙe har ƙasa. Ba ya kuka. Tana cewa zo mu tafi, ga ni, ni ce, yana girgiza kai.

Sai da ya hango ni ina ɗingishi bakinsa ya buɗe.

“Na tsaya, Kaka. Kin ce in ban gan ki ba in tsaya a wurin, kada in bi kowa, za ki zo.”

Na ce. Ni na ce. A kasuwa, a asibiti, a tashar mota, duk inda muka shiga taro sai na maimaita masa har ya haddace. Kada ka yi gudu, kada ka neme ni, kada ka bi kowa ko ya ce ya san ni. Ka tsaya. Ina zuwa. Ban taɓa saɓawa ba, shi ya sa ya yarda.

Kuma gobe? Zai buɗe ido a ɗakin da bai sani ba. Zai duba, babu ni. Ba zai yi birgima ba — a nan ta yi gaskiya. Sauka zai yi daga gadon, ya haɗe ƙafa a tsakiyar ɗaki, ya tsaya. Har yaushe? Ban koya masa abin da ake yi in ban zo ba. Ban taɓa tunanin akwai wannan darasin ba.

'Yata tana kallona daga ƙasa, kwalli ya zubo mata. Ta ji abin da ya ce. Ko ta ji abin da na ji? Ba ta ce a fasa ba. Ba ta ce a ci gaba ba. Wayarta tana ta ƙara, mijin ne, mota tana bakin ƙofa.

Ya ƙi kowa ya ɗauke shi sai ni. To, hau. Jiƙaƙƙen wando a kan zanina mai kyau, ba komai. Nauyi… yaushe ya yi wannan nauyin? Kansa ya faɗo kafaɗata. Numfashin ya fara tsawo. Shirin yana aiki, ya gaji kamar yadda aka so.

A'a. Maigida, kada ka yi barci. Tashi, ina da magana da kai. Ina girgiza kafaɗa, ya ce uhm. Me zan ce? Daga ina ake farawa? Za ka tafi da Anti — da Mami — ni kuma ba zan… in ka farka kada ka tsaya, ka… ka yi me? Ka bi wa?

Ga ƙofar. Ga motar, an riga an buɗe murfin baya. Gwiwata ta tsaya da kanta. Idonsa ɗaya a rufe, ɗayan saura kaɗan, bakina a buɗe, kuma har yanzu ban samo kalmar farko ba…