Shirun Motar Ɗan Kwangila

Ni na fara gani. Kafin matarsa, kafin mai facin bakin layi da ke cika baki wai babu abin da ke wuce idonsa, ni na ga motar maƙwabcina Ɗan Kwangila ta gangara layinmu babu ƙara. Ina zaune a benci ƙofar gidana, ina shafa wa ƙafar nan tawa mai ƙarfe man zafi, sai ga baƙar motar ta wuce sulululu kamar an turo gadon asibiti. Taya kawai ke magana da tsakuwa. Na rufe kwalbar, na ce a raina, to, an zo wurin.

Wanda bai zauna layinmu ba ba zai gane ba. Motar nan fulogi takwas gare ta, salansar hayaƙi biyu, kowace sai ka zura hannu har gwiwa. Kullum da safe sai ya tsaya ya yi ta ba ta wuta, tagogina na rawa, jarirai na firgita. Tawa kuwa 'yar ƙarama ce, rana ta cinye fentinta. Ban shiga aji ba, amma tun ina saurayi nake tuƙi. Direbobin da muka fara tare duk na raka su makwancinsu, ni ga ni nan. Mota ta taɓa juyawa da ni a daji, na rarrafo na fito. Mai kuwa na san shi kamar jinin jikina. Ba na take totur kamar mai kashe kunama, ba na yawo da tarkace a but, tayoyina kullum da iskarsu. In na hau kan babban tudun da ke sauka gada, sai in sa ta firi, in kashe inji, ta kai ni har ƙasa ba ta sha ko ɗigo ba.

Daga nan Ɗan Kwangila ya laƙa min suna.

"Baba Ɗigo, yau cokali nawa aka ba jaririyar?" yake cewa in ya ga mutane sun taru. "In turo ka ne, ko kana jiran iska ta taso?"

A yi ta dariya. Na shanye, baki ne kawai.

Abin da ban shanye ba shi ne ranar da numfashin tsohuwata, uwar 'ya'yana, ya sarƙe. Lokacin ana wahalar mai, gidajen mai duk a kulle. Abin da ke tankina ya tsallakar da mu gada, a gindin hawan da ke gaba motar ta yi tari ta mutu. Tsohuwata na kwance a kujerar baya, kanta a cinyar 'yata, ƙofa a buɗe don ta sha iska. Na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu biyu. Sai ga shi. Ya rage gudu, ya sauke gilashi, sanyin motarsa ya bugi fuskata.

"Ɗana, taimake ni, asibiti za mu!"

"Baba Ɗigo, ai sai ka jira gangara!"

Ya kwashe da dariya, ya ba ta wuta. Daga baya ya yi ta rantsuwa wai kiɗa ya hana shi jina, wai bai ga kowa a baya ba. Ya gan ta. Ƙafafunta a waje suke. Wani mai motar yashi ya kai mu, amma ba ta dawo gida ba. Da Ɗan Kwangila ya zo min ta'aziyya ko injin bai kashe ba, kada ciki ya ɗumame kafin ya fito.

Na zauna ina kallo.

Aiki ya tsaya masa, mai ya yi tsada, motar kuwa ba ta san wannan zancen ba. Na ga an daina ba ta wutar safe. Na ga gilashi a sauke, gumi na bin wuyansa. Sai kuma shirun nan.

Da yammacin ranar ya zo ya tsuguna gefen bencina, ya duba hagu ya duba dama.

"Baba, barka da hutawa."

Yau babu Ɗigo.

"Wani abokina ne ke tambaya. Wai kashe motar nan da kake yi a gangara, da gaske tana rage shan mai?"

"Abokinka?"

"Eh, abokina."

"Ka gaya wa abokin naka, ni dai tawa haka nake mata tun ba a yaye shi ba."

"Har a babban tudun gada?"

"Har gada."

"Ba ta taɓa ba ka matsala ba?"

"Tawa? Ko sau ɗaya."

Ya yi godiya ya tashi. Ku nuna min ƙaryar da na yi a nan. Birkin motata ƙarfin ƙafata ne, sitiyarinta ƙarfin damtsena. Tasa kuwa injin ne ke riƙe mata duka biyun. Ka kashe shi, birki zai amsa maka sau ɗaya ko biyu, daga nan ya zama dutse, sitiyari ya ƙi juyawa. Gangaren layinmu gajere ne, shi ya sa ya tsira da safe.

'Yata ta leƙo daga soro, ashe tana ji.

"Baba, ka kira shi ka gaya masa mana. Yana da yara."

"Ranar nan kan wa ke cinyarki?"

Ta tsaya tana kallona, ta koma ciki.

Da gari ya waye na tsaya bakin ƙofa na leƙa motar da kyau. Da akwai yaro ko ɗaya a ciki, wallahi da na kwanta a gaban taya. Shi kaɗai ne. Na shiga tawa na bi shi a hankali.

A kan tudun na ji ƙarar ta ɗauke. Motar ta fara zubawa ƙasa. Jar wutar birki ta kama ta saki, ta sake kamawa, daga nan ba ta ƙara saki ba, motar kuwa sai ƙara gudu take. A kwanar da ke bakin gada tayoyin gaba ko motsi ba su yi ba. Babu kukan inji, babu na taya. Ƙarfe kawai ya haɗu da siminti.

Na gangara yadda na saba. Ni na fara isa, da sauran numfashinsa.

"Baba... birki..."

"Na sani," na ce.

Ban bar shi a wurin ba, ni ba irinsa ba ne. Ni da wani mai keke muka zaro shi, muka kwantar da shi a kujerar baya. Motata ta haye hawan nan ko tari ba ta yi ba. Kafin mu kai sama ya cika.

Yanzu mai faci na tara mutane yana ba su labari, wai gudu ne ya kashe Ɗan Kwangila, wai motar ce ta fi ƙarfinsa. Har matarsa haka ta yarda. Ƙarya ce, mai facin ko tudun bai taka ba ranar. Mutumin nan rowar mai ce ta kashe shi, kuma bai iya ta ba.

Duk mai musu ya zo in kai shi garejin bakanike, a motata, ba sai ya sayi mai ba. Baƙar motar tana can bayan katanga, ciyawa ta fara fitowa ta ƙarƙashinta. Ya zura kansa ta fasasshen gilashi ya duba da idonsa. Giya na firi. Makullin yana nan a jiki, a murɗe baya, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da sitiyari.