Indararon Maƙwabta

Barista mutum ne da ba a taɓa ganin ya zauna taro har ƙarshe ba. Yakan shigo ana tsakiyar karanta bayanin zaman baya, ya nemi afuwa, ya yi jawabin minti bakwai wanda kowa zai ji daɗinsa amma ba mai iya cewa ga inda ya dosa, sannan ya dubi agogo ya miƙe, domin ana jiransa a wani wurin. Kwamitoci tara yake ciki, ko goma sha ɗaya. Matarsa ce ke ƙirgawa, ita ma ta gaji ta bari. Takardu kuwa a mota yake sa musu hannu. Kowace ƙungiya takan aiko fayil ɗinta, an liƙa 'yar takarda rawaya a inda ake buƙatar alƙalaminsa, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zarga sa hannun nan nasa mai kama da igiyar da ta warware, waya na manne a kunnensa.

Ran Talatar nan ya fito da abu guda a ransa. Cikin muƙamansa akwai shugabancin amintattun gidan kula da tsofaffi, kuma a ɗakin ƙarshe na gidan Malama take, wadda ta koyar da shi a aji uku, ta yi ritaya ba ɗa ba jika. Bangon ɗakinta na jingine da gidan tarihi. Indararon rufin gidan tarihin ya karkace, duk ruwan da aka yi sai ya kwararo ta saman tagarta, ya bi bango ya taru a gindin gadonta. Wata bakwai da suka wuce Barista ya durƙusa gabanta ya ce, “Malama, kafin ruwa ya dawo an gyara.” Ga shi tun jiya hadari ke kai da kawo.

Ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Wasiƙa biyar ya aika wa shugaban ƙungiyar da ke riƙe da gidan tarihin, biyar aka amso. Bai samu sukunin karanta su ba, amma sakatariyar gidan tsofaffi takan taƙaita masa a waya: suna nazari, sun miƙa wa ƙaramin kwamiti, sun yi mamakin kaushin harshensa. Saboda haka ya sa aka kira zama yau ƙarfe biyu, ya ce shugaban nasu yake so ido da ido.

Da safe ya leƙa kotu ya nemi a ɗage shari'a. Ƙarfe tara ya riƙe tsintsiya a gangamin tsaftace unguwa har mai hoto ya ce ya isa. Sha ɗaya ya yanka ƙyalle a baje kolin zane-zane, ya tsaya gaban wani zane ya ce yana magana da ruhinsa, kafin mai zanen ya zo cikin ladabi ya juya shi daidai. Ya yi azahar a gurguje, ya faɗa mota.

“Yau zan nuna wa mutumin nan iyakarsa,” in ji shi. “Irinsu ne ke ɓata aikin taimako. Su karɓi kujera, ba su san abin da ke ƙarƙashinta ba.”

Direba ya ce, “Ranka ya daɗe, ni da za a ba ni tsani da 'yar waya, kafin ka sha shayi na miƙar da indararon nan.”

“Rufin wasu? Ba da izini ba? Kai dai riƙe sitiyarinka. Komai da tsarinsa.”

A ɗakin cin abincin tsofaffi aka haɗa tebur biyu. Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar gidan, tana zaune, sakatariya na gefenta, sai mai kula da gidan tarihi, wani siririn dattijo da tarin makullai a ƙugu. Barista ya shigo a makare da minti ashirin, ya zauna ya dubi dattijon sama da ƙasa.

“Baba, ba raini ba, amma na ce shugabanku nake so, ba wakili ba. Ina yake?”

Dattijon ya dubi Sista. Sista ta dubi silin.

“Ai ya iso, ranka ya daɗe,” in ji dattijon.

Barista ya waiwaya ƙofa. Ba kowa sai wata tsohuwa da ke wucewa da sandarta.

“Taron shekara na bara,” in ji dattijon a hankali. “Ka yi mana jawabi mai daɗi, ka tashi da wuri. Bayan fitarka aka zo zaɓe, ba wanda ya yarda ya karɓa, sai aka ce a ba wanda ba ya nan. Baki ɗaya aka amince. Takardar karɓa ma ka sa mata hannu. Shuɗin fayil ɗin nan da nake ba direbanka duk wata, namu ne.”

Barista ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

“Kuma kuna sane? Dukanku? Wata bakwai?”

“Mun ɗauka tsari ne,” in ji sakatariya.

Sista ta ce, “Ni wallahi har yabonka nake yi. Na ce kai, Barista ko kansa bai ƙyale ba.”

Barista ya miƙa hannu aka ba shi amsa ta biyar, ya karanta ta a karon farko. Sakin layin ƙarshe na shawartar shugaban amintattu, cikin girmamawa, da ya riƙa karanta takarda kafin ya sa mata hannu. A ƙasa ga igiyar nan tasa a warware.

“Ni na tsara ta,” in ji dattijon. “Na sa rai a nan za ka lura.”

Da wani ne, da ya narke a kujerar. Barista kuwa ya shekara ashirin yana tsayawa gaban alƙalai. Ya gyara taye, ya yi gyaran murya, ya ce lamarin ya bayyana sarai: tunda shi ne ɓangarorin biyu, mutunci da ƙa'ida sun wajabta masa janye hannunsa daga maganar baki ɗaya. Mataimakansa su ɗauka. Aka tuna masa cewa ɗaya yana jinya a ƙasar waje, ɗayan kuwa Allah ya yi masa rasuwa ba a cike gurbinsa ba. Ya yi wa mamacin addu'a, ya ce a sa batun a zama na gaba, bayan wata uku.

Yana rufe baki ruwa ya kece.

Ya nufi mota ke nan Sista ta tare shi. “Malama na kira.”

Ya same ta zaune a bakin gado, ta ɗage ƙafafunta, ta naɗe dardumarta ta ɗora a kan matashi. Ruwa na bin bango yana zuba cikin wani jan bokiti da ya kusa cika. Ya durƙusa, wandon kwat ɗinsa ya sha ruwa.

“Malama, ana kan magana. An samu ɗan sarƙaƙiya ta ɓangaren doka.”

“Na ji sarƙaƙiyar. Bangon nan ba kauri.” Ta dube shi ta saman tabarau. “Tun kana aji uku haka kake. Kai ne farkon miƙa takarda, kuma ba ka taɓa karanta tambayar ba.”

Wayarsa ta hau ruri. Ƙarfe huɗu zai gabatar da wani sabon littafi, wanda shi ya rubuta masa gabatarwa.

“Ɗauki bokitin nan ka zubar,” in ji ta. “Ka dawo da shi. Bai buƙatar sa hannu.”

Ya ɗauka da hannu biyu, ya bi doguwar barandar yana tangaɗi, ruwa na fantsama a takalmansa, tsofaffi na leƙowa daga ƙofofinsu. Sau uku ya yi zuwan kafin ta sallame shi.

A rahoton wata, wanda ya sa wa hannu a mota, an rubuta cewa shugaba ya kai ziyarar gani da ido, kuma ya nuna matuƙar damuwa. Sista ta sayo bokiti na biyu.