Kurar Kaya a Bukit Bintang

Ɗayyabu ma'aikaci ne a wani otal da ke unguwar Bukit Bintang, a wata ƙasa can gabas mai nisa. Saboda Larabcinsa aka ɗauke shi, shi ke tarbar baƙi Larabawa yana tura musu kaya zuwa ɗaki. A farkon shekarar 2020 matarsa Zubaidatu ta samu gurbin karatu a ƙasar Suwidin, ta tafi da 'yarsu Afnan mai shekara ɗaya, a kan zai bi su bayan Sallah. Kafin azumi ma korona ta sa aka rufe iyakoki.

Otal ɗin ya koma wurin killace matafiya. Kullum Ɗayyabu ya loda abinci a kurar kaya, ya bi ƙofa-ƙofa yana ajiyewa, ya ƙwanƙwasa ya wuce. Sai ya wuni bai ga fuskar mutum ba. Idan ya tashi daga aiki, ya yi tapau, wato ya sayi ƙunshin shinkafa, a shagon mamak, irin gidan abincin nan na bakin titi, ya koma ɗakinsa ya ci shi kaɗai.

Wata rana bayan la'asar Zubaidatu ta kira shi ta bidiyo, su can safiya ce. Afnan ta leƙo, ta kasa gane shi cikin takunkumi, amma da ta hango kurar a bayansa sai ta yi tsalle: "Vagn! Vagn!"

"Maman Afnan, me take cewa? Bangan?"

Zubaidatu ta yi dariya. "Yaren makarantar renonsu ne, Baban Afnan. Keken da nake tura ta ciki vagn ne, kurar kanti vagn, taragon jirgin ƙasa ma haka. Malamarmu ta ce tun zamanin kakanninsu keken doki suke kira da sunan, wai tushensa ɗaya da kalmarsu ta hanya. Har wasu taurari bakwai suna kiransu da shi."

Ɗayyabu ya sauke takunkumin. "Afnan, ce Baba."

Yarinyar ta ɓoye fuska a jikin uwarta. Don kada ta gudu, sai ya jingine wayar da bango, ya tura kurar har ƙarshen baranda, ya dawo da gudu yana ƙugi kamar mota. Afnan ta ƙyalƙyale da dariya. Daga ranar duk kiran da aka yi sai ya yi mata wannan wasa. In an kashe waya, ya daɗe a tsaye yana haki, babu motsin kowa sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

A tsakiyar 2021 otal ɗin ya rufe gaba ɗaya. Ya yi wata biyar a ɗaki yana jiran biza, wani lokacin ya yi kwana uku bai furta komai ba sai karatun salla. A watan Disamba ya sauka Suwidin cikin ƙanƙara, da rigar sanyi ta aro. Sai da ya kwana tara a gidan kafin Afnan ta yarda ya ɗauke ta.