Wayar da ke Bayan Katako

Idan mutum ya san inda rami yake, ya ga wani ya nufe shi, ya kama bakinsa, shi ya jefa shi ko ƙafarsa ce ta kai shi? Kwana takwas na yi ina juya wannan tambaya a raina, kuma har yau ba zan ce na samu amsarta ba. Abin da zan iya shi ne in faɗi yadda aka yi.

Shekara ashirin da uku ina kula da wutar lantarkin Elsie May, jirgin ruwan Athol Direen. Tsohon jirgi ne na katako mai inji ɗaya, yana ɗaure a tashar Kettering tun kafin a sabunta gadar da ake ɗaure jirage. Ban yi makarantar wuta ba. Da ƙona yatsu na koya, da tsofaffin littattafan da wasu suka zubar. Duk wayar da ke cikin jirgin nan ni na ja ta, kuma na zana hanyar kowace ɗaya a wani littafi mai baƙin bango da ke zaune a aljihun motata. Athol bai taɓa buɗe shi ba. In fitila ta mutu sai dai ya buga mini waya ya ce, "Merv, uwargidanka tana kira."

Wata Litinin muna zaune a kan bencin bakin ruwa, yana cin soyayyen kifi da dankali, ya ce mini 'yarsa Bronwyn ta kafa masa doka. Shekarunsa saba'in da tara, idonsa ya fara hazo. Ta ce ko dai a sa wa jirgin sababbin na'urori masu manyan lambobi, ko ya daina fita shi kaɗai.

"To sai mu sa," na ce. "Me za a saya?"

Ya tsaya tsintar ƙaya a kifin da ba shi da ƙaya. "An riga an saya. Allon taswira, da rada mai hango jirage, da ma'aunin zurfi, da sabon direba." Direba muke kiran na'urar da ke riƙe sitiyari ta tuƙa jirgi da kanta. "Bronwyn ta ce sai wanda aka horar ya haɗa su. Mai takarda."

"Ni ba ni da takarda."

"Haba, kai ma ka san halinta. Uwarta ce sak." Ya miƙo mini dankali. Ban karɓa ba.

Mai takardar ta iso ran Laraba daga Hobart a farar mota mai aljihuna a jere. Sunanta Tamsin Vella, ba za ta wuce talatin da biyar ba. Na zo da niyyar in ga mai girman kai, sai na tarar da mace mai cire takalmi kafin ta taka jirgin mutane. Wannan ya fi ba ni haushi. Athol ya dafa shayi, ya zuba mata a farin kofin nan mai ɓantararren baki, wanda ni kaɗai ke sha da shi tun shekarar da muka sake injin. Ni ya ba ni na roba.

"Athol ya ce kai ne likitan Elsie May," in ji ta. "Ya ce kana da zanen wayoyin gaba ɗaya. In ka ara mini zai rage mini kwana biyu ina rarrafe."

"Me mai takarda za ta yi da zanen jahili?"

"Kai, Merv," in ji Athol.

"A'a, gaskiya na faɗa. Littafina ne, rubutuna ne, ni kaɗai ke gane shi. Ta yi nata."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. "Ba komai. Rarrafen ma aiki ne."

Da ta yi aikin banza da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Na riƙa zuwa kullum da sunan duba batir, ina kallonta tana zare wayoyina ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a bokiti. Ta ja waya guda daga gaba zuwa baya kamar ƙashin bayan kifi, kowace na'ura ta jona a jikinta, har rada ta koma tana magana da taswira, taswira tana magana da direba. Kowace waya ta ɗaura mata suna. Athol yana biye da ita kamar rago da mai dusa.

"Ka ga wannan? Ta ce in na taɓa nan, jirgin zai nuna mini duk jirgin da ke kusa, har da sunansa!"

"Da can da ido kake ganinsu."

"Da can ina da ido, ɗan banza."

Ran Talata ta zo kan kamfas. Sabon kamfas ɗin ba shi da allurar da mutum zai gani, ɗan akwati ne kamar dunƙulen hannu, shi ke gaya wa direba inda hancin jirgi ya dosa. Yana son wuri ƙasa-ƙasa, a tsakiyar jirgi, nesa da ƙarfe. Ta ɗaga kujerar da ke gefen teburin cin abinci, ta zagaya wurin da ƙaramin kamfas na hannu, allura ba ta motsa ba. Ta ce, "Nan ya yi." Ta ɗaure shi a jikin katakon da sukurori huɗu.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na san abin da ke bayan katakon nan.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce na sa wa jirgin firji. Waya in wuta na gudu a cikinta tana jan kamfas kamar maganaɗisu. Shi ya sa ake jera mai kai wuta da mai dawo da ita gefe da gefe, jan ɗaya ya kashe na ɗaya. Ranar tsawon wayata ya gaza, ga shi Asabar ce an rufe kanti, ga Athol yana son giyarsa da sanyi. Sai na bi da mai kai wutar ita kaɗai ta bayan katakon, mai dawowa na jona ta wata hanya can ɗaya gefen. A littafina na zana ta da jan biro, na rubuta a ƙasa: kuskure ne, a gyara. Ban taɓa gyarawa ba, don tsohon kamfas yana can gaba, babu abin da ya dame shi. Allurar Tamsin ba ta motsa ba ne saboda firjin a kashe yake tun da aka fara aiki, ƙofarsa a buɗe, an tokare ta da tawul.

Kalma biyar ta isa in gargaɗe ta. Na buɗe baki, sai na ji Athol yana ce mata, "Ke dai hannunki na zinariya ne." Na rufe.

Ran Alhamis muka fita gwaji. Haka ake yi wa sabon kamfas: a kai jirgi inda ruwa ya kwanta, a yi ta zagaye a hankali har sau biyu, ya koyi ƙarfen da ke jikin jirgin. Muka yi zagayenmu, wani mai kamun kifi yana ɗaga mana hannu yana tambaya ko mun bugu ne. Sannan Tamsin ta danna wa direba, ta ce Athol ya saki sitiyari. Ya saki da yatsa ɗaya-ɗaya. Elsie May ta miƙe kamar an ja ta da zare. Ya juya ya kalli farin layin da muka bari a baya, ya daɗe yana kallo.

"Shekara ashirin," ya ce, "ba ta taɓa tafiya a miƙe haka ba."

Ni ne na ɗaure igiya da muka dawo. Ba wanda ya lura na ɗaure ta da ƙarfi fiye da kima.

Daga ranar na shiga shari'a da kaina, kuma ni ne lauyan kowane ɓangare. Na ce ba wanda ya tambaye ni. Na ce ban yi ƙarya ba, ban taɓa aikinta ba, ko sukuru ɗaya ban kwance ba. Aikin mai takarda ne ta kunna duk abin da ke jirgin kafin ta zaɓi wuri, in ta manta firji laifin wa? Na riƙa hango yadda abin zai kasance: Athol zai kunna firji, jirgin ya riƙa karkacewa, ya kira ta ta zo ta duba ta rasa dalili, don in firjin ya huta komai zai koma daidai. Daga ƙarshe zai buga mini waya ya ce uwargidana tana kira. In zo in ɗaga kujera, in nuna da yatsa. Na maimaita wannan hoton a kaina har na san irin kallon da zan yi mata.

Sai dai duk sanda na kai ƙarshen hoton sai in tuna wayar wa zan nuna. Tawa ce. Ban sani ba ko don kishi na hana littafin, ko don jan biron da ke shafi na talatin da ɗaya. Mai yiwuwa su biyun gida ɗaya suke kwana.

Ran Laraba ta mako na gaba Athol ya same ni a gada, yana tura amalanke cike da kaya.

"Asabar zan sauka tsibirin Partridge," ya ce. "Kwana biyu. Ni kaɗai, da izinin gimbiya Bronwyn."

"Ta tsakanin kejin kiwon kifin nan za ka bi?"

"To ta sama zan bi? Kai ka ji tambaya." Ya yi dariya. "Ka san abin da ya fi yi mini daɗi? Tsohon direbanka ko fitsari ba na iya zuwa in bar shi. Wannan kuwa, in na saita shi, sai in sauka ƙasa in dafa shayi kamar mai gida, in hau da kofina."

Minti nawa ake dafa shayi a jirgi? Shida, ko bakwai in ruwan da sanyi. Na san gudun Elsie May, na san faɗin hanyar da ke tsakanin kejin da duwatsun gefen tsibiri. Na yi lissafin ban so ba, a tsaye, yana gabana yana neman tabaransa da ke rataye a wuyansa. Amma ko a lokacin ban yi magana ba. Na ce a raina wataƙila jan wayar bai kai ya kawo ba, digiri biyu ko uku, abin da ba zai kashe kowa ba. Mutum in yana son ya yi shiru ba ya rasa hujja.

Ran Juma'a da safe Tamsin ta dawo ta ƙara nuna wa Athol maɓallai karo na ƙarshe. Ta rubuta masa su da manyan baƙaƙe ta manna a gefen allo. Ni ina zaune a kujerar baya da kofin roba.

"In ka rikice, jan nan za ka danna, sitiyari ya dawo hannunka," ta ce. "Maimaita, Kyaftin."

"Ja, sitiyari. Ai ba jariri ba ne ni."

"Jariri ya fi ka jin magana."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya sauka ƙasa ya fara jera nama da madara da kwalabensa, ya cire tawul, ya rufe ƙofar firji. Na ji ƙarar maɓallin. Na ji firjin ya ɗauka da gurnaninsa da na sani kamar numfashina.

Idona yana kan allo. Jirgin a ɗaure yake da igiya huɗu, ko motsi ba ya yi. Lambar da ke nuna inda hancinsa ya dosa tana kan ɗari biyu da goma sha biyu. Sai ta koma sha biyar. Sha tara. Ta tsaya a ɗari biyu da ashirin da shida.

Digiri goma sha huɗu. Tamsin ta sunkuya tana jera kayan aikinta a jaka, ta ba allon baya. Athol yana ƙasa yana waƙa. Ni kaɗai na gani. Bayan ɗan lokaci firjin ya yi shiru, lambar ta gangaro ta koma mazauninta kamar ba ta taɓa tashi ba.

Tamsin ta rataya jaka, ta tsaya gabana. "Merv, ban faɗa maka ba. Wayoyin da na cire, na duba mahaɗarsu. Shekara ashirin a iskar gishiri, ko tsatsa babu. Waye ya koya maka?"

"Ba kowa."

"To ba kowan nan ya iya aiki." Ta sa takalminta a bakin gada, ta leƙa ƙasa. "Kyaftin, na tafi. Ka gaishe mini da kifayen Partridge."

Da zagina ta yi da na bar ta ta tafi, ina jin haka har yanzu, kuma ba na alfahari da shi. Na zauna ina kallon bayanta har ta kai rabin gada. Athol ya leƙo da kwalba biyu a hannu yana tambaya ko zan jira su yi sanyi. Na ajiye kofin, na haura, na wuce ta da sauri har ta matsa gefe. Na buɗe motata, na zaro littafin daga aljihu. Bangonsa ya yi laushi da man inji.

Tana ƙoƙarin buɗe ƙofar motarta na iso. Na buɗe shafi na talatin da ɗaya, na ɗora yatsa a kan jan layin, na miƙa mata.

"Sauke jakar nan," na ce. "Karanta abin da na rubuta a ƙasa, sannan ki zo mu ɗaga kujera."