Jan Zakara da Baƙon Asabar

Shekara goma ke nan kajin gidan suna ƙanƙancewa. Mama ta ɗora laifin a kan dusa. Auta, wadda ta karanci kiwon dabbobi, ta ɗora shi a kan baƙi.

Zakaru biyu suka rage a keji: wani ja mai faɗin ƙirji, da wani tsoho ɗan firit mai wuya kamar igiya. Ranar Asabar Kawu ya bugo waya cewa yana tafe cin abincin rana. Mama ta wasa wuƙa ta nufi jan.

Auta ta tare ƙofar kejin.

"Mama, duk baƙon da ya zo, babban kike yankawa. Wa ake bar wa kajin? Wancan." Ta nuna tsohon. "Shi ne ubansu, shi ne kakansu, jikinsa suke gada. In jan ya tafi, baɗi tantabaru za ki kiwata."

"Yayana zan ajiye wa wannan abin? Da wane ido?"

"Ki yawaita miya."

Mama ta ja tsaki, amma tsohon aka yanka.

Kawu ya ɗaga cinyar da yatsa biyu, ya juya ta a haske.

"Ƙanwata, ciwo ne ya kashe shi ko yunwa?"

"Tambayi 'yarka, ita ce mai ilimin."

Auta ta yi masa bayani. Ɗan tsako rabinsa na uba ne, rabi na uwa, don haka mafi kyau ake bari don iri. Kawu yana tauna yana gyaɗa kai. Taunar ta fi bayanin tsawo.

"Gaskiyarki," ya ce da ya samu ya haɗiye. "Nawa kajin ma haka suka koma. Ashe zakara nagari suka rasa." Ya leƙa tsakar gida, inda jan yake ta taƙama.

Mama, wadda kunya ta hana ta kai loma baki, ta miƙe zumbur. Kafin Auta ta gama kwashe kwanuka, an ɗaure ƙafafun jan, an saka shi a but ɗin motar Kawu.

"Kin iya koyarwa," in ji Mama.

Auta ta wuce keji. Ta san kaza tana riƙe irin zakara a jikinta har kwana goma. Ta tara ƙwan satin, guda goma sha ɗaya, ta zuba wa wata kaza mai kwanci. Ko na jan ne ko na marigayi, sai sun girma za a gani. Ta saya wa kejin kwaɗo, ta rataya makullin a wuya.